Ƙofofin Gabas

Ƙarfe biyu na rana Auta ta shiga sabon zauren waƙa da takardar bincike a hannu. Ita ce jami'ar da hukumar kashe gobara ta turo ta yi zagayen ƙarshe ta sa hannu, kafin a buɗe wa jama'a da ƙarfe biyar. Wata uku da suka wuce ta duba ginin lungu-lungu ba ta ga aibi ba, don haka ta ɗauka aikin rabin awa ne.

Shekara shida garin yana jiran wannan rana. Masu shagunan titin duk sun sake fenti. Mai facin taya da ke kwanar titin ya tattara tayoyinsa ya koma sayar da ruwan sanyi, yana cewa daga yau manyan mutane ne abokan cinikinsa. Direbobin tasi har sun yi faɗa a kan wurin tsayawa. Amma duk cikin masu ɗokin babu kamar mahaifin Auta, wanda garin ke kira Malamin Waƙa. Shekara talatin da huɗu yana koyar da waƙa a ɗakin taron makaranta mai rufin kwano, inda in ruwa ya sauko sai dai kowa ya rufe baki a jira ya ɗauke. Yau ƙungiyarsa ta mutum arba'in ce za ta fara hawa dandamalin.

Ta same su suna gwaji. Tsohon na tsaye da sabuwar riga, yana ɗaga hannu a hankali, muryoyin na tashi suna cika ɗakin ba tare da lasifika ba. Ta ɗan tsaya ta saurara, sannan ta wuce aikinta. Tulunan kashe wuta lafiya, fitilun hanya lafiya, ƙofar yamma ta buɗu da tura ɗaya.

Ta isa ƙofofin gabas, manya biyu masu kauri, da aka cusa wa soso don kada hayaniyar babban titi ta shigo. Ta danna ƙarfen ta farko ta tura. Ƙofar ta motsa kamar faɗin tafin hannu, ta yi ƙara, ta cije. Ta sa kafaɗa. Ko gezau. Ta biyun ma haka.

Ta zagaya ta waje. Nan ta ga dalili: an shimfiɗa sabon tayil a bakin ƙofofin don ado, ya ɗara ƙasan da tsayi, ƙofar na zuwa sai ta daki bakinsa. Kujera ɗari tara ne a ciki, kusan rabinsu ta nan za su fita in wani abu ya faru. Shekara goma sha ɗaya baya ta taɓa shiga wani kanti bayan an kashe gobara, ta ga inda mutane suka taru a bayan ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Har yau ba ta ba kowa labarin abin da ta gani ba.

Ta aika aka kira Manajan zauren. Ya zo yana share gumi, waya biyu a hannu, ya tura ƙofar da kansa.

"Shekaranjiya aka sa tayil ɗin," in ji shi. "Ranki ya daɗe, ki sa hannu kawai. Gobe da sassafe zan sa a fasa shi, na yi miki alkawari."

"Yallaɓai, wutar ce ta ce maka sai gobe za ta zo?"

"Haba! Shugaban gari na hanya, 'yan jarida sun cika waje. Awa biyu ne fa kacal. Me zai faru a awa biyu?"

"Mai yiwuwa ba komai. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Ya rage murya. "Kin san wanda za ki fi ɓata wa rai, ai."

Ta sani. Waƙar ta riga ta tsaya, ga tsohon nan yana saukowa daga dandamali yana dafa kujeru saboda gwiwarsa.

"Auta, me nake ji?"

Ta nuna masa. Ya dubi ƙofar, ya dubi 'yarsa. "To, yanzu an fasa bikin ke nan?"

"Ba a fasa ba, Baba. Farfasa tayil ba zai yiwu kafin biyar ba, siminti ya kama. Amma ana iya cire ƙofofin gaba ɗaya, a bar wurin a buɗe."

"A buɗe?" in ji shi. "Kin san abin da ke bayan bangon nan? Titin manyan motoci! Na ƙare ƙuruciyata ina gasa da ruwan sama a kan kwano, yau da na samu ɗakin da zan ji numfashin mawaƙana, ki haɗa ni da tirela?"

"Baba..."

"Ban taɓa sa baki a aikinki ba. Ko sau ɗaya."

"Na sani. Kada ka fara yau, don Allah."

Mawaƙan da ke kan dandamali duk suna kallonsu. Auta ta juya ga Manaja ta ce ko a cire, ko ta tafi da takardarta. Tsohon ya juya ya koma, ya ƙi yarda kowa ya riƙe masa hannu.

Uku da rabi kafinta ya iso da leburori huɗu. Ƙofar farko ta fita cikin minti arba'in, suka jingine ta a bango suna haki. Ta biyun ce ta yi gardama. Kusar sama ta ƙi juyawa, kafinta ya murɗa har kanta ya lalace.

"Wanda ya ɗaura wannan da fushi ya ɗaura ta," ya ce. "Sai dai a yanke."

Biyar saura kwata. Daga waje ana jin hayaniyar mutane a layi, jiniyar motar shugaban gari kuma tana matsowa. Manaja na kai da kawo, yana amsa waya yana cewa yanzun nan, yanzun nan. Aka kawo injin yanka ƙarfe. Auta ta sa aka naɗe labulen da ke kusa, ta ɗauko tulun kashe wuta ta tsaya da kanta, tartsatsi na zuba a gaban takalminta. Biyar da minti bakwai kusar ta rabu. Ƙofar ta yi baya kamar za ta danne su, leburori suka tare ta da kyar. Sai da Auta ta bi ta wurin sau biyu, ta shiga ta fita, sannan ta sa hannu. Biron sai zamewa yake a yatsunta don gumi.

Ba ta zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofar da aka cire, bayanta ga titi. Aka yi jawabai, aka tafa, ɗaki ya yi shiru. Mahaifinta ya ɗaga hannu, muryoyin mata suka fara ƙasa-ƙasa. Ba su kai ƙarshen layin farko ba wata tirela ta danna ham mai tsawo. Wasu suka yi dariya. Hannun tsohon ya tsaya a sama, mawaƙan suka rikice suka yi shiru.

Auta ta runtse ido. Da ta waiga, sai ta ga waɗanda ba su samu tikiti ba sun taru a bakin titi suna leƙe. Direbobin tasin nan da mai ruwan sanyi suka fantsama kan kwalta, suna ɗaga wa motoci hannu, suna sa yatsa a leɓe. Motocin ba su daina wucewa ba, amma suka rage gudu, ba wanda ya sake danna ham.

Tsohon ya sauke hannunsa, ya jira, ya sake ɗagawa. Wannan karon suka kai ƙarshe. Gurnanin injuna na nan a ƙarƙashin waƙar daga farko har ƙarshe, kowa ya ji shi. Duk da haka da suka gama ɗakin ya miƙe tsaye, na waje ma suna tafi.

Da jama'a suka watse, rana ta riga ta faɗi, ta same shi zaune a kujerar gaba yana murza gwiwa. Bai ɗago ba.

"Waƙa ta uku ta lalace," ya ce. "Ban ji masu ƙaramar murya ba sam."

"Yi haƙuri, Baba."

"Yaushe za a mayar da ƙofofin?"

"In an gyara ƙasan."

"To, ki tsaya musu a kai kamar yadda kika tsaya mini." Ya miƙo mata hannu. "Tashe ni. Ina kika ajiye motar?"