Baƙin da Sahura Ta Sallama

Tun da ramin zinariya ya rufta da mijinta Sa'idu, Sahura ta daina yarda da fara'ar kowa a gidan surukinta da ke Bukkuyum, balle ta Makau, ƙanen marigayin. Ta san hukuncin sarai: ɗan da ya riga ubansa mutuwa, 'ya'yansa ba su da gado muddin akwai baffansu a raye. Wasiyya kaɗai za ta cece su. Ita kuwa wasiyyar surukin nata, Malam Mu'awiya, tsohuwa ce tukuf. Tun yana fatauci a Gummi, 'ya'yansa duk da rai, ya faɗa da baki gaban shaidu cewa sulusin gonarsa na masallaci ne.

Yanzu tsohon yana kwance. Magana ɗaya za ta yi masa, amma wace mace ce za ta dubi idon surukinta ta ce ya tuna da 'ya'yanta kafin ya mutu? Ko fura ta kai masa, kai a sunkuye take ajiyewa ta fita.

Makau kuwa kullum yana ɗakin tsohon, suna ƙus-ƙus. Ya kawo wa marayun rake, ta ce a ranta wannan zaƙin da biyu ne. Ya tafi Gummi ya dawo yana murmushi, ta ce shi ke nan, an sami mai saye. Masu neman zinariya sun sha sayen gonaki a yankin, kuma ita ba yarinya ba ce.

Ranar kasuwa Makau ya fita da hantsi. Sai ga sallama a zaure. Ta leƙa ta ga dattawa biyu da ba ta taɓa gani ba, sun sha ƙurar hanya.

“Daga Gummi muke,” in ji ɗayan. “Makau yak kira mu, zancen gonar Malam.”

Ta ce a ranta ga masu sayen nan sun iso. Ta tsaya bayan ƙofa ta gyara murya.

“Ai kun yi saɓani. An tahi da Malam asibiti Anka, ba mu san ranar dawowa ba.”

Suka yi addu'a suka juya, don su sami mota da sauran rana. Sahura ta koma kan dakanta har da 'yar waƙa.

Malam bai ga wata ranar kasuwar ba.

Bayan sadakar uku Makau ya same ta a tsakar gida, idonsa jajur. Dattawan sun zo ta'aziyya, ya ji komai daga bakinsu.

“Inna Amira,” ya kira ta da sunan 'yarta, “don mi kinka yi haka?”

“Na hana a saida abincin ɗiyana,” ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

“Su na shaidun wasiyyar hwarko. Baba ya ce ba shi tada magana sai gaban waɗanda sunka ji ta. Wata guda ina roƙonai shi maida sulusin ga ɗiyanki, sai da ya yarda nit tahi kiransu.”

Ta ƙura masa ido, tana neman ƙaryar da ta saba gani. Ta duba, ta sake dubawa. Da ta samu, da ta ji sauƙi.

“To kai ka hwaɗa ma liman,” ta ce a hankali.

“Na hwaɗa. Ya ce niyya ba wasiyya ba ta.”