Fuskar Papa Ngatama

Duk tsibirin Rarotonga babu wanda ya kai Papa Tuaine sanin kyamara, kuma ba sai ka tambaye shi ba, da kansa zai gaya maka. Bai taɓa gama shekara guda a aji ba, amma ya ɗauki aure da rawa da jana'iza tun ana saɓa kyamara a kafaɗa kamar buhun gwaza. Guguwa ta taɓa kwashe rufin shagonsa, ta tarar da shi ƙarƙashin tebur rungume da kaset-kaset, ta yi iya yinta ta gaji ta wuce. Irin mazan da ake yi a nan ke nan.

To wannan mutum ne aka yi wa dariya a zauren coci.

Fim ɗin bikin sabon rufin coci ya haɗa, ya gyara launinsa da hannunsa. Da aka haska shi a bango ranar Lahadi, sai ga dattawan coci sun jeru, fuskar kowa ja jawur kamar daga mashaya suka fito. Matasa suka fara ƙyaƙyatawa. Can sai ga Papa Ngatama yana addu'a, mutumin da giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba, wanda ya rasu jim kaɗan bayan bikin. Hotonsa na ƙarshe ke nan a duniya. Matarsa Mama Kimiora, yayar Tuaine uwa ɗaya uba ɗaya, ta gyara farar hularta ta fice.

Kwamitin coci ya ce ko dai ya gyara kafin a aika wa 'yan uwa na Auckland da Sydney, ko ya miƙa kayan a ba wani.

"A ba wa?" in ji Tuaine. "Ina raye?"

Ya ɗora laifin kan tsohon allon kwamfutarsa. Ya kira 'yarsa Moeroa, wadda ke aikin gyaran launi a wani gidan talabijin a Auckland, ya ce ta taho masa da allo na gaske. Ta taho da shi, da wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin kunkuru.

Da safe suka kafa shi daidai tsayin ido. Tuaine ya miƙa hannu zai murɗa haske, ta buge hannun.

"Papa, bar shi ya yi ɗumi tukuna. Ko kai ba ka magana mai ma'ana sai ka sha shayi."

"Ni? Ni da nake ɗaukan hoto tun kina tsotsar yatsa?"

"Shi ya sa dattawa suka yi ja."

Ya janye hannunsa. Ta rufe tagogi, ta kashe dogon ƙwan lantarkin da ke sama, ta kunna wata 'yar farar fitila a bayan allon. Ta fito da ratsi-ratsin launuka, ta danna wani maɓalli komai ya koma shuɗi, ta yi ta daidaitawa har ratsin suka zama bai ɗaya. Sannan ta nuna masa wasu baƙaƙen layuka a ƙasa.

"Rage haske har waɗannan biyun su ɓace cikin duhu, na ukun ya rage da kyar ake ganinsa."

Wannan kam da kansa ya yi, ya kuma ce tun da can haka yake yi, suna ne kawai bai sani ba. Daga nan ta rataya kunkurun a fuskar allon, kwamfuta ta dinga watsa masa ja da kore da fari, yana aunawa.

"To Papa, allo ya faɗi gaskiya yanzu. Saura kai."

Ya zauna ya shiga aiki, bai ko waiwayi kifin da aka kawo musu cikin madarar kwakwa ba. Ya kalli fuskar surukinsa, ya ga ta yi kore-kore kamar mai jinya, ya ƙara mata ja har ta yi masa daidai. Da azahar suka kwashi aikin suka sa a talabijin ɗin maƙwabta. Papa Ngatama ya fito ja, kamar ranar Lahadi.

"Kunkurunki maƙaryaci ne!"

Moeroa ta ja shi suka koma shago. Ta nuna bangon da ke bayan allon. Tivaevae ne rataye tun daga sama har ƙasa, wato mayafin nan da matanmu ke ɗinkawa da hannu, jajayen furanni manya-manya a kan ja mai duhu. Mama Kimiora ce ta ɗinka shi, ita ta rataya shi da hannunta ranar da aka sake buɗe shagon bayan guguwa.

"Papa, zuba masa ido, kar ka ƙifta. Yauwa. Yanzu kalli farin nan na allo."

Ya kalla. Farin ya koma kore sharr, kamar ruwan da ya kwana a kududdufi. Ya murza ido ya sake, haka dai.

"Idonka ya ƙoshi da ja, shi ya sa komai ke yi maka kore, kai kuma kana ta ƙara ja. Bangon nan ruwan toka yake so. Mu sauke shi, in an gama mu mayar, ba za ta sani ba."

"Ke, Auckland ta cinye miki hankali. Tivaevae ɗin da mace ta rataya da hannunta, ƙato ya sauke a ɓoye? Kafin la'asar kajin garin nan ma sun kai mata labari."

"To ka ba wani aikin."

Ya miƙe. Ya ɗauki makullin babur.

Ya sami Mama Kimiora a bayan gida tana goge kwakwa. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, na zo."

"Na ji ƙarar wannan gwangwanin naka tun daga kan titi. Me ya rage? Za ka sa masa kwalba a hannu ne?"

"Na gano abin da ya jawo. Sai kin zo kin gani da idonki."

"Idona ya ga abin da ya ishe shi ranar Lahadi."

"To zan zauna nan. Guguwa ma ba ta tashe ni ba, balle ke."

Ya zauna kan kututture a rana tsaka, ba hula. Ta gama kwakwa ɗaya, ta fasa wata, ta gama. Gumi yana ta zuba daga sanƙonsa.

"Tashi, tsohon banza, kafin kai ma ka yi ja. Ba na hawa bayanka da gudu."

A shago ya zaunar da ita kan kujerarsa, wadda ba ya yarda kowa ya taɓa. Ya sa ta kalli mayafin, sannan ta kalli farin allo. Ta murza ido. Ta sake. Ta juyo ta dube shi.

"Wato nawa ne ya ɓata shi."

"Ba haka na ce ba, Yaya. Kyansa ne ya yi yawa, ido ba ya iya..."

"Rufe min baki. Moeroa, riƙe min kujerar nan."

Ta hau da kanta, da tsufanta, ta ƙi yarda kowa ya kama mata. Ta zare shi daga ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ta sauko, ta ninke shi a tsanake ta ɗora a cinya.

"Gida zan kai shi. Da shi za a naɗe ka ranar da ka mutu, a can ba zai hana ka gani ba."

"Sai ki daɗe kina jira."

Suka buga wani yadi mai ruwan toka a bangon. Mama Kimiora ta ce ba ta taɓa ganin abu mai muni kamarsa ba, kuma babu inda za ta sai an gama. Suka zauna cikin duhun ɗakin har idanu suka huce.

Tuaine ya dawo da fuskar Papa Ngatama. Yanzu shi ma ya ga jan, har kunya ta kama shi. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin yana ragewa a hankali. Jan ya janye daga goshi, ya janye daga kunci, fatar ta koma ruwan ƙasa irin na mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin gona da teku.

"Ya yi?" in ji shi.

"Rage kaɗan. Kaɗan na ce, kurma! Dawo. Tsaya nan."

Ta matso da fuskarta kusa da allon, hannunta a kan ninkakken mayafin.

"Kar ka ƙara taɓawa," ta ce. "Shi ne. Sake kunna min addu'ar daga farko."