Ita Me Ta Ce?

Da la'asar Malam Sanda akawu ya zauna kan akwatin da aka ɗaure, yana fassara wa matarsa Hansai wani tsohon littafin soyayya na Larabci. Saurayi na ta yabon idon budurwa da wuyanta, ba ya gajiya.

Hansai ta dakata da naɗe tabarma. "Malam, to ita me ta ce?"

Ya duba gaba, ya koma baya. Budurwar ko tari ba ta yi ba.

"Ba a rubuta ba," ya ce da zafi.

"Ashe can ma ba a tambaya."

Kunya ta rufe shi. Gobe za su bar Unguwar Rimi, gwamnati ta mai da shi Ilori, ita kuwa a bakin matar maƙwabci ta ji.