Ƙanzon Kajin Madam

Kicin ɗaya ne a saman benen, kuma ɗakuna biyu ke amfani da shi. Na dama na wata mai ɗinki ne da mijinta. Na hagu na matar da 'yan gidan ke kira Madam Taliya, saboda a faɗarta, ita da 'ya'yanta mata biyu ba su san wani abinci ba sai taliya da ƙwai.

Duk yamma mai ɗinki na tuƙa tuwon masara. Da ta zuba talge, Madam za ta fito tana fifita hanci da hannu, ta ce wannan warin garin har cikin labulenta yake shiga. Ta ce ita dai tana mamakin mutum ya zauna a birni yana cin abin da ake liƙa takarda da shi a bango.

Amma tunda aka sallami mijin Madam daga aiki ya tafi nema, ba a ƙara jin ƙamshin ƙwai ba. Sai ga Madam da sabon zance: wai ƙanwarta na kiwon kaji, a riƙa ba ta tukunyar tuwon ta kankare musu ƙanzo. Mai ɗinki ta taɓe baki ta miƙa. Daga ranar ta koma barin wuta da ƙarfi, tana kwashe sama-sama da mara, ta bar wa gindin tukunya kauri kamar katifa. Ta kan gaya wa mijinta cewa kajin nan dai 'yan gata ne, da safe har jakar makaranta suke goyawa.

Ana nan sai uwar mijin mai ɗinki ta zo kwana biyu. Tsohuwa ce da ba ta taɓa yabon girkin kowa ba. Ta leƙa tukunya, ta dubi surukarta daga sama har ƙasa, ta tambaya ko tuwo ake yi a gidan nan ko bulo. Washegari ta karɓe muciya. Ta tankaɗe garin da kanta, ta dama, ta rage wuta, ta tuƙa tana murzawa a jikin tukunya har ya yi santsi yana sheƙi. Da ya sulala ta kwashe tas, ta bi da mara, ta wanke tukunyar ta kife.

Madam ta shigo da 'yar wuƙarta ta kankara, yaran na raɓe a bakin ƙofa. Ta ɗaga tukunya. Fuskarta kawai ta gani a ciki. Ta tsaya tana gyara ɗankwalin da bai karkace ba.

Mai ɗinki ta bar ta ta ɗan tsaya hakan, don abin ya yi mata daɗi. Sannan ta buɗe kwano ta jefa malmala uku a tukunyar, ta ce waɗannan sun yi gudaji, ba mai iya ci, a kai wa kaji.

Tsohuwa ta miƙe daga kujera, ta yafito Madam.

"Tuwon nawa ne da gudaji? Ke, 'yar nan, zo. Sa hannu ki ci a gabana, ki gaya mata. Ban tuƙa wa kaji ba."

Madam ta fara cewa ita ba ta saba ba, cikinta ba ya ɗauka. Tsohuwa ta jawo tukunyar wajenta, ta ce to a bar shi. Ƙaramar yarinyar ta bi tukunyar da ido.

Madam ta wanke hannu. Ta gutsura, ta mulmula loma da yatsu uku, irin mulmular wanda aka yaye da tuwo, ta haɗiye ba tauna.

"Ba gudaji, Baba," ta ce. "Ga masu cinsa, ba laifi."

Ta rungumi tukunyar ta nufi ƙofa, sai ta ja ta tsaya, ba ta waiwayo ba. Ta tambaya ko akwai ragowar miya.

"Kajin har miya suke sha?" in ji mai ɗinki.

"Ki ɗebo ta gefe," Madam ta ce a hankali. "Ƙaramar ba ta son yaji."