Tulunan da ke Ƙarƙashin Motar Malam Attahiru

Ni Lauwali, shekarata ashirin da biyu ina kwanciya ƙarƙashin motoci a Bagudo, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kada in yarda da mota, kada in yarda da mai ita. Duk wanda ke zaune kusa da iyakar Benin ya san mota ba ta karkacewa a banza. In ka ga gefe ɗaya ya sauka, to an cusa wani abu a wajen, ko shinkafa ko fetur ko abin da ba a faɗa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na sha yi wa mutane waldar tankin ɓoye kafin in daina.

Malam Attahiru tsohon malamin dabbobi ne, shi ke jan mu salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Yana da wata ƙaramar motar Ingila ruwan toka, wadda ta girmi yawancin masu tsayawa kallonta. Wani Bature da Malam ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya bar masa ita. Da hannunsa yake gyara abarsa, ko noti bai taɓa kawo mini in ɗaure ba, kuma gaskiya abin ya daɗe yana ci mini rai.

Shekara guda da fara Shari'a, motar ta soma kwanciya a hagu. Kowace ranar kasuwar Lolo sai ya wuce ta gaban garejina da matarsa Inna Tasallah a kujerar baya, su tsallaka Benin, su dawo kafin la'asar. Ina kallo ina lissafi. Tsohuwar ba ta kai nauyin buhun gero ba, kuma a gefen dama take zama. To me ke danne hagu?

Da gwiwa ta hana shi durƙusawa, dole ta sa ya kawo mini ita wata ranar Litinin.

"Baƙin mai kaɗai za ka sake, Lauwali," ya ce. "Kak ka taɓa komi bayan shi."

Da bai faɗi haka ba, da wataƙila ban duba ba. Ina shiga ƙarƙashi na ga abin da ban taɓa gani ba. Babu sifirin, babu shokozoba. Sai wasu tuluna huɗu na ƙarfe da roba, kowanne kusa da taya, da bututu biyu da suka taso daga gaba zuwa baya, kowanne da ɗan baki mai murfi irin na iskar taya. Bututun hagu yana da danshi. Na shafa, na kai hanci. Wanda duk ya taɓa bi ta rumfunan giya na tsallaken iyaka ya san wannan warin na barasa. A but, wajen zuba kaya, kuma na hango wata jarka an naɗe ta cikin buhu.

Ban ko wanke hannu ba na tafi wurin Bunyaminu, shugaban kwamitin da ke sa ido kan bin Shari'a a unguwarmu. Na ce masa ban ce na ga Malam yana sha ba, amma na san tankin ɓoye in na gan shi, kuma hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na roƙe shi kada sunana ya fito. Sunana bai fito ba, amma zancen ya fito. Kwana biyu tsakani, Malam ya matsa gaba zai ja azahar, wani ya yi gyaran murya, aka tura wani ya shige gabansa. A majalisar mai shayi har an fara gardamar ko dattijo mai shekara saba'in zai iya ɗaukar bulala.

Bunyaminu dai mutum ne mai tsoron Allah. Ya ce ba za a zubar da mutuncin kowa a kan jita-jita ba, a buɗe motar gaban shaidu. Aka kai ta dandamalin injin shinkafa da hantsi, aka kira ni tunda ni ne makanikin unguwa. Malam na tsaye da sandarsa yana kallo.

Na tara kwano, na cire murfin bakin hagu, na danna da ƙusa. Wani koren ruwa ya feso, warin ya bazu, mutane suka ja da baya suna salati. Na ɗago ina jin kaina kamar wanda ya kama kura da hannu. Sai motar ta yi wani nishi, gefen hagu ya ci gaba da sauka, yana sauka, har bakin bodi ya kusa zama a kan taya.

Motar da aka sauke wa kaya tashi take yi. Wannan durƙusawa ta yi.

"Ka zubar da abin da ka ɗauke da ita," in ji Malam, a hankali. "Wagga mota ba ta da ƙarhe ƙarƙashi, bisa ruwa take tahiya."

Ya yi wa Bunyaminu bayani, ba ni ba. Tulun gaba da na baya a kowane gefe ruwa ɗaya suke sha ta bututun nan, in gaba ta faɗa rami baya ta tallafe ta. Ruwan kuwa haɗi ne na ruwan sama da sifirit irin na asibiti da koren maganin lagireto, don kada bututu ya yi tsatsa. Tun da aka fara Shari'a masu kyamis suke ɗari-ɗarin sayar masa da sifirit mai yawa, shi ya sa yake sayowa a tsallake, inda yake kai Inna Tasallah wurin mai ɗori saboda ƙashin bayanta. A duk garin nan motar ce kaɗai ba ta jijjiga ta. Bunyaminu ya tambaye shi dalilin ɓoye jarkar. Ya dubi taron da ya kewaye shi, ya ce don gudun abin da ake yi yanzu.

Wani ya tambaya ko ana iya shan ruwan. Malam ya ce wanda ya sha shi likkafani za a nemo masa, ba bulala ba. Aka yi 'yar dariya ta kunya, wasu suka fara sulalewa.

"Tunda kai kab buɗe, kai za ka ruhe," ya ce da ni.

Ya zauna a kan turmi yana ba ni umarni kamar ɗan koyo, ni da ke da shekara ashirin da biyu a sana'a. Na gano tsagar da ruwan ke yoyo ta cikinta har motar ta karkace, a inda bututun hagu ke gogar ƙarfe, na yanke wajen, na haɗa, na ɗaure. Ya fito da wani famfo da ya ƙera da tsohuwar bindigar giris. Na cika shi daga jarkar, na fitar da iska, na shiga bugawa. Ya karyo karan dawa, ya auna daga tsakiyar tayar dama ta gaba zuwa bakin bodi, ya yi shaida da farce, ya miƙo mini. Sai in buga, mu tura motar gaba da baya, mu danna ta ta zauna, in auna. Sau ɗaya na zarce, hagu ta fi dama da yatsa biyu, ya sa na rage. Sai a karo na biyar karan ya faɗa daidai kan shaidar a duka ɓangarorin biyu. Zuwa lokacin ruwan ya jiƙa mini hannu har gwiwa, ya ɓata gaban rigata.

Da zai shiga mota ya tsaya kusa da ni, ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Shekara talatin ba wanda yash shiga ƙarƙashinta sai ni, sai kai ranar Litinin."

Na so ƙasa ta tsage in shige, na buɗe baki in nemi gafara, ya riga ya tada mota.

Na wanke hannu da omo sau uku, na sake riga, amma warin nan ya kama fata. Da la'asar na shiga sahun farko inda na saba tsayawa. Mutumin da ke damana, baƙo ne daga Sharabi da bai san abin da ya faru ba, ya ja hanci sau biyu, ya dube ni ta wutsiyar ido, ya matsa. Na hagu ma ya matsa. Na tsaya ni kaɗai da fili a kowane gefe, ina jin idanu a ƙeyata, na san irin lissafin da ake yi domin ni ma na iya shi.

Liman ya ce a daidaita sahu. Sai na ji ƙarar sanda a kan tabarma. Malam Attahiru ya taso daga ƙarshen layi yana ɗingishi, ya shiga gurbin da ke damana, ya haɗa kafaɗarsa da tawa, ya jawo hannun rigar na hagun ya matso da shi. Aka kabbara, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin inda zan sa goshi.