Tsumman Bakin Bututu

A'a, Dogo, dakata. Kada ka sake ce mini na tozarta ɗana. Ni na haife shi, kuma wajen tozarta kansa bai taɓa neman taimakona ba. Mayar da takardar nan aljihunka, ka ja kujera. Ba waccan ba, ƙafarta ta ruɓe. Ka san abin da ya ruɓar da ita? To zauna ka ji.

Shekara arba'in da ɗaya ina kwana a gindin dam ɗin nan. Yayanka, maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke kula da shi tun kana yawo ba wando. Kai daga kan tudu kake hango shi, ka ga ruwa shimfiɗe ka ce masha Allah. Ni ƙeyarsa nake gani, tulin ƙasa ya fi bene tsawo, in na fito shanya shi ke tare mini rana.

A can ƙasansa akwai wani bututu, kaurinsa kamar damtsena. Tun ranar da aka gina dam yake ɗiga, kuma haka aka yi shi ya yi. Kowace safiya yayanka sai ya ɗaura farin tsumma a bakinsa, kafin ya gama shan shayi ya je ya kwance. In tsumma ya fito fari, ruwa ne kawai ke wucewa, sai ya tafi harkarsa. Ya ce mini ranar da na ga ja, to ƙasar cikin dam ce ke fitowa, in kwashe yara in hau tudu. Da ya rasu aka ba ɗan naka aikin, aka ba shi littafi da biro da hula. Tsumma kuwa ba wanda ya karɓa, sai na ci gaba da abina.

Ni ban iya karatu ba, amma na iya kallo. Nan, kan tabarmar nan, yake zama ranar ɗaya ga wata ya cika shafi guda fal. Layi talatin, duk kamarsu ɗaya kamar ƙwan kaza guda. Na ce masa, "Me kake rubutawa?" Ya ce, "Lafiya lau nake sawa, Inna." Na ce, "Har da jibi?" Ya ce, "Ai jibin ma lafiya za ta zo." Na ce madalla, ashe boka na haifa ban sani ba.

Masu dubawa kuma ka san su. Sau ɗaya a shekara, a farar mota. Kwana uku kafin su zo za a aske ciyawar sama, a shafa wa duwatsu farin fenti, ƙarfen da tsatsa ta cinye a lulluɓe shi da shuɗi. Babbansu, wanda muke kira Mai Tumbi, shekara tara yana zuwa bai taɓa sauko matakalar nan ba. Wai gwiwa. Amma gwiwar tana kai shi wurin masu gasa kifi. Ya tsaya a sama, a ɗauke shi hoto yana nuna ruwa da yatsa kamar shi ya zuba shi, ya sa hannu a littafin boka, ya tafi da ƙullinsa.

Daminar bara tsumma ya fara canja launi. Da farko kamar an tsoma shi a ruwan shayi. Na nuna wa ɗan naka, ya ce tsatsar bututu ce. Na ce tsatsa ba ta da yashi, murza ka ji. Bai murza ba. Sai na daina wankewa. Kowane mako na ajiye guda, na ƙulla masa ƙulli, ɗaya, biyu, uku, har goma sha tara. Tsohuwar rigar yayanka ta ƙare kaf a wannan aikin.

Kana ji ko kana duba waya? To.

Da aka ce masu dubawa na tafe, shugaban ɗan naka ya leƙo daga sama ya ce wannan jiƙaƙƙen wurin zai ɓata hoto. Ka san abin da ɗanka ya yi? Ya cusa buhu a bakin bututun, ya kwaɓa siminti ya toshe, ya zuba tsakuwa, ya jera fararen duwatsu a kai. Abin har da kyau, kamar kabarin mai kuɗi. Na ce masa, "Ubanka shekara talatin yana share bakin nan da hannunsa." Ya ce, "Inna, yanzu zamani ya canja." Na ce ko an sanar da ruwan?

Ba a sanar da shi ba. Kwana shida ya ɓullo ta bayan kicin ɗina. Ya bi ta ƙarƙashin akurkin kaji, ya shigo nan. Ga kujerar da na hana ka.

Ranar dubawa sai ga shi Mai Tumbi bai zo ba, an ce ya yi ritaya, gwiwa ta huta. Aka turo wata injiniya, 'yar siririya, da takalmin roba har gwiwa. Tun daga takalmin na san za a yi abin kallo. Ta duba littafi, ta juya shafi, ta ce, "Yau sha biyu ga wata, ya na ga an cika har talatin?" Ɗan naka ya ce himma ce. Ta ce, "Ina bututun ƙasa?" Shugabansa ya yi caraf ya ce ai ya bushe da kansa, dam ya warke.

Ni fa ban kira ta ba, Dogo, kuma ban je ofishin kowa ba. Shanya na fito yi a tsakar gidana. Laifi ne? Na jera tsummokarana a igiya, daga fari har zuwa wanda ya yi ja kamar bulo. Ta hango daga sama, ta sauko matakalar nan duka, ta yi sallama.

Ta yi dariya ta ce, "Mama, wannan wankin bai fita ba."

Na ce, "'Yata, ba wanki ba ne, littafina ne. Nawa sai ranar ta zo nake cikawa."

Ta murza na ƙarshen a yatsunta, ta dubi bayan kicin, ban ƙara jin dariyarta ba. A take ta sa aka kawo guduma. Ɗan naka da hannunsa ya fasa simintin, ruwa ya yi tsartuwa ja wur ya wanke masa wando a gaban kowa. In tozarci ne, to ga wanda ya yi shi, je ka yi masa faɗa.

Sauran ka sani. Ta sa an rage ruwan dam, famfo ya koma kwana biyu a mako, an dakatar da yaron. Gari kuma ya ɗora mini. Mai shagon kan kwana ya daina amsa gaisuwata. Wata da na yi wa wankan jariri har uku ta ce tsufa ne ya taɓa mini kai. Su a ba su ruwa a famfo kawai, ko ta kan gawata zai biyo.

Yanzu kai kuma ka zo da takarda. Wai in dangwala yatsa cewa idona ba ya gani sosai, tsummokan kuma jar ƙasar tsakar gida ce ta ɓata su. Sai a mayar da yaro aiki, a cika dam kafin damina ta wuce. Na ji, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Kana tsammani ban san yawansu ba? A ɗakin bayan nan suke kwana, kansu yana kallon dam. Kuma ban ce don rashin ruwa ya tsayar da wurin buga bulonka ka sauko ba. Ban ce ba. Shekara uku rabonka da gidan nan, zumunci ne ya motsa, na sani.

Me ka ce? Dam ɗin da ya yi shekara hamsin ba zai faɗi bana ba? Ka tabbata? Har zuciyarka?

To shi ke nan, magana ta ƙare, miƙo tawadar. Ga yatsana, ban ma wanke shi ba. Abu ɗaya kawai: ka bar mini makullin gidanka na kan tudu, yau zan hau da jikokina. Kai da matarka ku kawo katifarku nan, ku yi mana daminar a ɗakina. Gadon yayanka ne, jikin bango yake, ta wajen dam. In ka ji sanyi a ƙafa kada ka damu, idona ne ba ya gani.