Sunan Lauratu a Kan Allo

"In ba ka gaya min mi kac ce a kaina ba, yau Shinkafi zan kwana," in ji Hajiya Lauratu, tana cusa zannuwa cikin jakar bakko kamar su ne suka yi mata laifi.

Mijinta Malam Jalaluddeen na zaune a kujerar roba da rediyo a cinya, ya kashe shi tun ɗazu amma ya rasa inda zai ajiye. Shi ne fa wanda ya koyar da Turanci a makarantar 'yan mata nan Kaura Namoda har ya yi ritaya, mutumin da in ya tsuke fuska ko akuya ba ta gilmawa ta gaban aji. Tun da aka kawo masa Lauratu daga Badarawa bai taɓa kiran sunanta ba. Da "ke" aka fara, da ta sauke farali ta koma "Hajiya". In miya ta yi daɗi kuwa, iyakar yabonsa ya miƙo kwano a ƙara.

Abin da ya tada ƙurar, bikin suna ta je da safe a makwabta. Cikin baƙi akwai wata nas daga Zurmi, Nadiya, tsohuwar ɗalibar Malam. Da aka ce mata ga matar malaminku, Hajiya Lauratu, sai ta dafe ƙirji ta ce ashe Lauratun nan mutum ce, su duk sun ɗauka sunan littafi ne. Nan da nan wasu matan da suka bi ta ajinsa suka matso, suka rattabo wani Turanci baki ɗaya da sunanta a gaba, suna dariya har da tafawa. Lauratu ta tambayi ma'ana. Nadiya ta ce ai cewa aka yi Lauratu tana tafiya sannu-sannu, kuma duk wadda Malam ya koyar ta haddace shi.

To Lauratu na jan ƙafar hagu tun tana yarinya. Ba kowa ke lura ba, amma ita ba ta taɓa mantawa ba ko da rana ɗaya. Ta bar wainarta ba ta taɓa ba, ta dawo gida tana ji kamar duk garin na kallon ƙafar.

Malam ya fara da lallashi irin nasa, wato ya ce ta yi hankali, ta san hanyar nan ba a binta in rana ta karkata saboda 'yan bindiga, ko direbobi addu'a suke kafin su tashi. Ta ce ta sani, amma aƙalla mutanen daji ba su rubuta sunan gurguwa a allo yara su yi ta rerawa. Kuma ɗiyarta Kubra na da ɗaki a Shinkafi, za ta zauna can har Allah Ya yi ikonSa.

Da ya ji ta ce gurguwa, sai ya ajiye rediyon a ƙasa.

Ya ce ta zauna ya yi mata bayani. Ta ce ita ba ɗaliba ba ce, amma ta ɗosana a bakin gado, hannu na riƙe da jakar. Ya ce a Turanci akwai kalmomi iri biyu da yara ke cakuɗawa. Akwai ajektif, wadda ke faɗin yadda mutum ko abu yake: dogo, fari, mai nauyi. Akwai kuma adbab, wadda ke faɗin yadda aka yi aikin: da sauri, da kyau, a ɓoye. Galibi ita ta biyun tana da 'yar wutsiya a ƙarshe, "li", amma yara sai su manna wa ta farko wutsiyar, su yanke wa ta biyu. Misalan littafi kuwa duk dusar ƙanƙara ne da wasu Turawa da ba wanda ya sani, yara ba su kamawa. Shi ne ya ga gara ya kawo abin da ya sani da ka.

"Duk Kaura ka rasa abin da ka sani sai ƙahwata?"

"Duk Kaura mi ni sani kamar ke?" ya ce, idonsa a kan tabarma.

Ya ce ba zai musa ba, ya rubuta tana tafiya sannu-sannu, don haka take tafiya. Haka ya fara ganinta a Badarawa lokacin kaka, da damin dawa a kai, 'yan mata sun wuce ta suna ta barbaɗa zangarniya a hanya, ita ta iso a ƙarshe ko ɗaya bai faɗi ba. Kuma ba ta taɓa tambayar kanta me ya sa malamai ke masa tsiya wai yana tafiya kamar mai rakiyar gawa ba? Ai tafiyarta ce ya koya, har ta bi masa jiki.

Lauratu ta saki igiyar jakar, amma ba ta sauko ba tukuna. Ta ce to sauran fa, tunda an ce shekara da shekaru ana yi. Sai bakin Malam ya buɗe. Lauratu tana dafa abinci da kyau. Lauratu tana magana da ƙarfi. Tana ciniki da zafi, tana yafewa da wuri, tana munshari a hankali. Ta ce ƙarya ne ba ta munshari, Allah Ya isa kuma in ya kai wannan aji. Ya ce wannan bai kai ba, yanzu ya ƙara.

Da yake matar ba ta da boko amma ba a yi mata wayo, sai ta lura duk masu wutsiya ya lissafo. Ta ce ɗayan fa, wanda ke faɗin yadda mutum yake, mi yac ce take?

Malam ya ce ai wannan darasin wani zango ne. Ya ce la'asar ta kusa. Ya laluba rediyo. Ta ɗaga jakar ta saɓa a kafaɗa.

Ya yi gyaran murya, ya dubi bango, ya faɗi wata kalma da Turanci. Ta ce da Hausa.

"Lauratu," ya ce, sunan ya fito masa da ƙyar kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Lauratu kyakkyawa ta. Kowace shekara da shi nike buɗe darasin."

Jakar ta zame ta faɗi, zannuwa suka watse. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta waiga taga ko makwabta na ji.

"Tsoho da kai, da jikoki, ba ka ko jin kunya," ta ce. Ta ce bari ta duba tuwonta kada ya kama, alhali ko wuta ba ta hura ba. Ta tsallake zannuwan ta bar su nan, ta fita da tafiyar nan tata, ta jawo ƙyauren ta buga shi har kaji suka watse a tsakar gida.